Hular Baffa da Jar Motata

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren Yaya Haruna ba. Ko ma na so in manta, 'yan gidanmu ba za su bari ba, don har gobe 'ya'yan Yayan ba su san ni da wani suna ba sai Kawu Mai Shanu. Alhali ni ko akuya ban taɓa kiwatawa ba.

Lokacin ina sabon ɗaukar aiki a nan Dutse, ina zaune a gidanmu a Limawa, kaina na hayaƙi. Duk abin da na tara na kwashe na sayi wata jar mota 'yar Kwatano mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda in ka zauna a ciki sai ka ji kamar a kan tabarma kake. Ranar da na kawo ta gida Inna ta fito ta zagaya ta, ta riƙe haɓa ta ce, "To Allah ya sa alheri. Amma ina ragowar?" Ban kula ta ba. Titunan Dutse sumul suke, in na taka totur daga shataletale sai kowa ya waiwayo, ni kuwa abin da na saya ke nan, waiwayen.

Mahaifinmu ya rasu tun muna yara, saboda haka waliyyin Yaya shi ne Baffa Buba, yayan mahaifinmu. Baffa dogo ne, ƙaƙƙarfa, ya yi kiwo a ƙuruciyarsa kafin ya dawo gari ya kama cinikin shanu. Abu biyu ba ya rabuwa da su, sandarsa da doguwar hularsa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba.

Amaryar kuwa 'yar wani ƙauye ce gaba da Aujara, kuma mahaifinta, Malam Sale, mutum ne da ba ya magana biyu. An riga an ɗaga ranar auren sau ɗaya daga ɓangarenmu, lokacin da aka tura Yaya kwas, kuma abin bai yi wa Malam Sale daɗi ba. Ya faɗa wa Baffa ido da ido cewa ya ɗaga sau ɗaya don girmansa, amma in aka kira azahar ranar Asabar waliyyi bai zauna a ƙofar gidansa ba, to zai ɗauka mun fasa. Ya ce kuma ba ya son wakili, da Baffa ya yi magana, Baffa yake so ya gani. Baffa ya ce ya ji, ya ɗauki alkawari.

To a nan ne na tsoma baki. Da ake tsara motoci, aka ce Baffa zai bi bas ɗin 'yan uwa da sassafe, sai na ce haba, waliyyin ango guda a cusa shi a bas da yara da kulolin abinci? Ni zan kai shi. (Gaskiyar magana, so nake mutanen ƙauyen su ga motar. Baffa hujja ce kawai.)

Yaya ya dube ni ya ce, "Kai, daga Aujara fa hanyar yashi ce. Wannan abar taka da take jan ciki a ƙasa za ta iya?"

Na ce, "Yaya, kai dai ka je ka yi ɗinkinka. Wannan ka bar min, na riga na san abin da zan yi."

Dabarar da na yi ita ce in ɗaga motar. Na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi: motar tana kan ƙafafunta, in aka ƙara wa ƙafa girma dole gangar jiki ta tashi. Wilin da ke jiki, wato ƙarfen da ake ɗora taya a kai, inci goma sha bakwai ne. Na ce to in na sa mai sha tara ai an gama. Na tafi Kano takanas na samo wasu wili huɗu masu walƙiya kamar sabon farantin silba. Mai shagon ya ce irin wannan siririyar taya ake sa masa, mai kauri za ta riƙa gugar jikin mota in an karya kwana. Na ce sa duk wadda ta dace. Ya sa wata taya da kaurinta bai wuce na silifas ba. Wallahi motar ta yi kyau. Na ja da baya na ɗauki hoto ta gaba, na ɗauka ta gefe, na tura wa Yaya na rubuta masa, "An ɗaga ta."

Abin da ban yi ba shi ne in tsayar da tsohuwar ƙafa kusa da sabuwa in duba wadda ta fi tsawo. Ashe ƙasa ba ruwanta da girman wili, abin da ta sani shi ne wili da taya a haɗe, daga ƙasa zuwa sama. Na ƙara a ƙarfe, na rage a roba, kuma abin da na rage ya fi abin da na ƙara. Motar da dama tsakaninta da ƙasa bai fi tafin hannu ba, sai ta ƙara sauka kamar yatsa biyu. Garin neman ƙiba na samo rama, ina ta murna.

Ba wai ban ga alama ba. Da na dawo daga Kano zan shiga ƙofar gidanmu, na ji ƙurrr a ƙarƙashi, wurin da ban taɓa jin ta taɓa ba. Na fito na tsaya ina zagin birkilan da ya yi dakalin, mutumin da ya gama aikinsa tun ina firamare.

Ranar Asabar bas ta tashi da sassafe da Yaya da sauran dangi. Baffa ya zo da shirinsa tun lokacin, ya ce mu bi bayansu. Na ce, "Baffa, ka zauna ka sha furarka a natse. Wannan motar ba ta bin bayan kowa. Ko da hantsi muka tashi sai mun jira su." Ya dube ni, ya dubi motar, ya zauna. Na cika but da goro da alawa da katan-katan na dabino, abin da bai shiga ba na tura bayan kujera. Kowane katan na ɗora sai motar ta ɗan ƙara durƙusawa, ni kuma ina ta goge gilashi.

Shigar Baffa ma aiki ce. Ya sa ƙafa ɗaya, ya sunkuya, hula ta bugi rufi. Ya fito ya sake gwadawa ta baya-baya, hula ta sake bugawa. A ƙarshe, a gaban Inna da maƙwabta, Baffa ya cire hularsa ya ɗora a cinya, ya naɗe kansa ya shige, gwiwoyinsa kusa da gemunsa. Sandar kuma sai da muka soko ta ta taga. Inna ta juyar da kai don kada ta ga kan yayan mijinta. Da ya zauna na ji motar ta yi wani ɗan nishi ta ɓangarensa.

A kan kwalta ba laifi, na nuna masa gudu. Sai dai siririyar taya ba ta san ragowa ba, duk ɗan tsakuwar da muka taka sai mun ji ta a ƙashin baya. Muka faɗa wani ƙaramin rami, haƙoranmu suka haɗu. Baffa ya dakata da jan carbi ya ce, "Ɗan nan, an manta ba a sa mata taya ba ne?"

Na ce, "Baffa, ai haka na zamani suke. Don riƙe hanya."

Ya ce, "To ta riƙe."

Muna wuce Aujara muka sauka daga kwalta. Wanda ya san hanyoyinmu na ƙauye ya san yadda suke bayan kaka. Amalanken shanu sun yi ta jigilar dawa da gero har ƙafafunsu sun haƙa kwari biyu, hagu da dama, tsakiya kuma ta yi doro, ciyawa ta fito a kai. Tayoyina suka faɗa kwarin, cikin motar ya hau doron. Muka fara tafiya ana jin shuuu a ƙarƙashinmu, wani lokaci ƙurrr, ina kallon madubi ina ganin mun bar hanya a share a baya.

Baffa ya ce, "Me muke nomawa?"

Na ƙara wuta. Muka ɗan ci gaba, har muka zo wani gangare inda yashi ya taru. Motar ta yi tsaki ta tsaya. Na taka, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watsa yashi. Na sa ribas, haka. A daidai nan waya ta yi ƙara, Yaya ne.

"Kuna ina? Malam Sale ya fito, an shimfiɗa tabarmi."

Ka ga a nan, da mai hankali ne, sai ya ce Yaya mun maƙale, a turo bas. Magana ɗaya, an huta. Amma ni da na rubuta "an ɗaga ta" da hannuna? Na gyara murya na ce, "Ga mu nan, mun kusa." Baffa ya juyo ya kalle ni.

Sai wata dabarar ta faɗo min. Na sha ganin direbobin motocin kasuwa masu zuwa Taura, in yashi ya riƙe su sai su rage iskar taya, tayar ta baje, su fice. Na ce alhamdulillahi, ilimi ba ya ɓata. Na samo tsinke na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina sace iska. Abin da ban tuna ba, tayarsu mai kauri ce, ko an rage akwai saura. Tawa kuwa iskar ce kaɗai ta raba wili da ƙasa. Ina gama ta huɗun na miƙe na duba, sai na ga motar ta kwanta male-male a kan doron kamar kaza a kan ƙwai. Na shiga na taka, tayoyin ma yanzu ba sa kama komai.

Baffa ya ce zai fita. Ƙofarsa ta buɗu kaɗan ta cije a yashi. Sai da na durƙusa, da farar shaddata da aka yi min don bikin, na yi ta tone yashi da hannu kamar mai haƙar gyaɗa, sannan ta buɗu. Na kama hannunsa na jawo shi. Abu na farko da ya yi shi ne mayar da hularsa.

Na tone gaba, na tone baya, na karyo kara na cusa a ƙarƙashin taya, na tura har sai da na ji wani abu ya ce ƙas a bayana. Motar ko gezau. Yaya ya sake kira, na sake cewa mun kusa. Ya kira na uku, na kashe wayar. (Eh, na kashe. Ba sai ka faɗa min ba, na sani.)

Da na ɗago, sai na ga Baffa ba motar yake kallo ba. Inuwarsa yake kallo, ta tattaro ta dawo gindin ƙafafunsa. Ya ce, a hankali, ba faɗa ba tsawa, "Ɗan nan, uban yarinyar nan ba ya canja magana. Kuma da bakina na yi masa alkawari. Ubanku ya bar min ku, ban taɓa jin kunya a kanku ba."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Nan take burgar ta zube, tsoro ya kama ni. Na tuno Yaya, shekarun da ya yi yana zarya a wannan hanyar a kan babur, rana da damina, ga shi ni zan rushe masa komai saboda wili mai walƙiya. Idona ya cika da hawaye, na kunna wayar zan kira in faɗi gaskiya, sai na ga sabis ya ɗauke, babu ko ɗigo.

Muna nan sai muka ji ƙarar amalanke a bayanmu. Wani magidanci ne ya ɗauko kara zai kai ƙauyen, da bijimai biyu farare, manya, masu tozo. Ya tsaya don mun tare hanya, ya yi sallama. Fuskar Baffa ta washe a karon farko tun safe. Ya je ya shafa tozon ɗaya, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya tambayi inda aka sayo su, suka shiga hira kamar sun shekara da sanin juna. Ni ina tsaye, yashi har cikin kunne, ba wanda ya tambaye ni inda aka sayo tawa.

Mutumin ya zagaya ta cikin gona ya dawo gabanmu, ya kwanto igiya ya miƙo min ya ce in ɗaura inda ya dace, tunda ni na san motata. Na ɗaura a inda hannuna ya kai. Ya ce wa shanun su tafi, suka tafi, bambar gaban motar ta ɓalle ta bi su, motar ta zauna. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Baffa ya ɗauki bambar ya ɗora a kan karan. Na kwanta rub da ciki na lalubo ƙarfe na gaske na ɗaura. Wannan karon bijiman suka sunkuyar da kai, igiya ta miƙe, motar ta taso daga doron da wani dogon kuka.

Na ce, "Madalla, an gode, a kwance."

Baffa ya ce, "Kada a kwance. Da wace iskar za ka tafi?"

Na dubi tayoyina, sun lafe. Na ce, "To Baffa, ku je kai da shi a amalanke, a kwashi goron, ni zan tsaya da motar."

Ya ce, "A'a. Kai ka ce za ka kai ni. Tare muka fito, tare za mu isa. Shiga ka riƙe sitiyari."

Ya taka ya haye kan karan, ya zauna daram, sanda a hannu, hula a kai, iska na kaɗa babbar rigarsa. Na shiga na riƙe sitiyari. Haka muka kama hanya, shanu a gaba, Baffa a sama, ni a ƙasa ina kallon bindin bijimai ta gilashin da na yi ta gogewa da safe. Ɗaya daga cikinsu ma ya yi abin da shanu ke yi, muka bi ta kai.

Ina ta addu'a Allah ya sa akwai hanyar bayan gari. Babu. Hanyar ta miƙe ɗoɗar har ƙofar gidan Malam Sale, inda jama'a suka cika gindin darbejiya, mutanensu da namu. Ladan ya riga ya tsaya yana gyara lasifika. Na hango Yaya a tsaye shi kaɗai a bakin hanya, waya a kunne, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Da ya gan mu hannunsa ya sauko a hankali.

Kowa ya juyo yana kallonmu. Sai maroƙin garin, Allah ya saka masa, ya ɗaga murya: "Jama'a a ba da hanya! Ga waliyyin ango ya iso! Alhaji Buba na Dutse, mai tafiya da mota a jaye, don kada ta gaji!"

Aka fashe. Dattawa suna rufe baki da hannun riga, abokan Yaya sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, wani tsoho ya yi dariya har sai da aka riƙe shi. Baffa ya sauko cikin natsuwa kamar daga jirgi, ya kaɗe rigarsa, ya nufi tabarma. Malam Sale, wanda aka ce ko 'ya'yansa ba su cika ganin haƙoransa ba, ya miƙe yana share ido da gefen rawani, ya ce, "Alhaji, ka cika alkawari."

Baffa ya ce, "Da ƙyar, Malam. Yaron ne ya ce zai ɗaga ni, Allah kuma ya ɗaga ni."

Suna zama ladan ya kira salla.

Ni niyyata in zauna a motar har a watse. Sai aka fara kiran a kawo goro, kuma mabuɗin but yana hannuna. Na fito. Shadda ta koma ruwan ƙasa, gwiwa ta yage, hulata ban ma san inda ta faɗi ba. Na yi ta jidar katan ina ratsa mutane, kowa na yi min sannu, irin sannun da ta fi zagi ciwo. Wani dattijo ya riƙe hannuna da gaske, ba da wasa ba, ya ce, "Samari, kada ka damu, in ka tara kuɗi ka sayi babba." Bayan salla aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Yaya bai yi min magana ba sai da yamma, ya zo ya tsaya kusa da ni ya ce, "An ɗaga ta." Ya wuce.

Kafin mu dawo Dutse bidiyon ya riga mu isowa. Ranar Litinin na shiga ofis na tarar an ajiye min ƙunshin harawa a kan tebur.

Da aka jawo motar gida, na mirgino tsohuwar ƙafa daga bayan kicin inda na yar da su, na jingina ta da sabuwa a bango. Tsohuwar, mai ƙura, marar walƙiya, ta fi tsawo, ko makaho ya shafa zai gane. Aikin da bai fi a sha ruwa ba, da na yi shi a Kano da duk wannan bai faru ba. Na mayar da tsofaffin, daga baya ma na sayar da motar ga wani yaro mai irin kaina na da.

Bara aka ɗaura nawa auren, kuma Baffa ne waliyyi. Na aro wata mota mai dogayen ƙafafu wurin abokina, na je ɗaukarsa tun da sassafe. Ya fito ya zagaya ta. Sai ya cire hularsa, da kansa, a gaban kowa, ya tsayar da ita a ƙasa, ya tura ta ƙarƙashin motar da sandarsa. Ta shige ba ta taɓa komai ba. Ya jawo ta, ya kaɗe, ya mayar a kai, ya ce, "To, wannan a shiga."

Muna hanya Yaya ya kira yana tambayar inda muke. Na buɗe baki ke nan, Baffa ya karɓe wayar daga hannuna ya ce, "Haruna, kada ka tambaye shi. Ni zan faɗa maka."

Tun daga wancan bikin, duk abin da ya yi min walƙiya sai na jingina shi da tsohon na duba. Kuma in ka kira ni na ce maka mun kusa, don Allah ka turo bas.